Ka Fito da Haruna Unguwa Ta San Shi

Da sunan Allah mai rahama mai jinƙai.

Daga mahaifinka Alhassan baduku, na bakin kasuwar Filinge, zuwa ga ɗana Idi tela a Yamai. Gaisuwa mai yawa da sa albarka. Ina roƙon Allah ya sa kun sauka lafiya, kai da matarka Dije da jikana, abokina Haruna, ya sa kamyon nan, motar kayan da kuka hau, bai kwance muku ƙugu ba. Allah ya tsare ku daga sharrin da ke cikin babban gari, da ruwan da ciki bai saba da shi ba, ya sa keken ɗinkinka kada ya kwana babu aiki. Innarku tana gaishe ku. Labarin gida da na gona ka tambayi direban da zai miƙa maka wannan, bakinsa ba ya gajiya. Ni wata magana ce ta zaunar da ni rubutu.

Ranar tafiyarku ina tsaye a tasha na ga ka ce wa Dije ta rufe Haruna da zane, alhali rana ta take. Na ga wata mata a cikin mota ta tambayi ɗan wane ne, ka juya kana duban taya kamar kai ne makaniki. Da muka dawo gida innarku ta gaya mini abin da ka ce mata: "Can babu wanda yas san mu. Shi zamna ɗaki, mu huta da bakin mutane." Kada ka yi fushi da ita don ta faɗa. Tun da na aure ta ba ta taɓa ɓoye mini komai ba sai inda take ajiye goro.

Ban ga laifinka ba, Idi, tausayinka na ji. Haruna ya daɗe da wuce yaye, tsaransa suna gudu har sun iya zagi, shi kuwa magana ba ta zo ba, tafiyar ma sai ya dafa bango. Ka sani, na sani, irin yayanka Mamman ne. Hanyar da kake shirin bi da shi na riga ka bin ta, kuma na san inda ta kai ni.

Mamman shi ne ɗanmu na fari, kamar yadda Haruna yake naka. Ka san al'adarmu ta nan ƙasar Kurfai a kan ɗan fari: uba ba ya kiran sunansa, ba ya ɗaukarsa a gaban mutane, in ya faɗi ma sai dai wani ya tashe shi. Uwa ita ma haka. Al'ada ce mai kyau ga yaron da ke da kakanni a gida da abokai a waje, don su ne za su kira sunan har ya gaji da jinsa. To ni uwata ta rasu kafin a haife shi, iyayen innarku suna nesa, waje kuwa ba ya fita. Da na ga ya ƙi zama lokacin zama, ya ƙi rarrafe, yawu yana zuba, sai na samu wurin fakewa. Duk wanda ya tambaye ni yaron, in sunkuyar da kai in ce kunya, a yaba mini da sanin ya kamata. Ba kunyar ɗan fari nake ji ba, kunyar a gan shi nake ji. Ni ina ce masa "kai," innarku tana ce masa "wanga." Har ya fara famfara, in an ce Mamman ba ya waiwayowa, muka ɗauka har da kurumta a ciki. Ashe bai san da shi ake ba.

Saboda haka ka kira ɗanka da sunansa, safe da yamma, a gaban kowa. Ka ɗora shi a cinya kana ɗinki. Ranar da na fara kiran Mamman a bakin rumfa mahauta sun yi mini dariya har da tafi, wani ya ce Alhassan ya zama Nasara. Kasuwa biyu ba a yi ba suka samu wani abin dariyar suka manta da ni. Shi kuwa yadda ya ɗago kai ya dube ni ranar, har yau ban manta ba.

Za a kawo maka maganganu, ka shirya. Mu an ce mana ɗan ruwa ne, an ce an musanya shi ranar da innarku ta bar shi a gindin gawo tana tsinkar wake. Wata tsohuwa ta zo har zaure ta ce in kai shi gindin dutse da ƙwaryar fura, in juya baya kada in waiwaya, mutanensa za su zo su ɗauki abinsu. Ban kai shi ba, Allah ne shaidata. Amma na saurare ta har ta gama, na kuma ba ta goro. Abin da ya kamata in ba ta bulala ce, tana rataye a rumfata. Bayan wannan babu irin jiƙon da ba mu ɗura masa ba, babu hayaƙin da bai shaƙa ba, har ya zama in ya ga ƙwarya a hannuna sai ya shige bayan randa. Likitan bariki ne ya dube shi ya ce babu allurar wannan, don ba ciwo ba ne, haka aka halicce shi, zai koyi abu amma sannu. Na fito ina zaginsa a zuci, na ce bai san aikinsa ba. Gaskiya ya faɗa. Ka yi wa Haruna addu'a kamar yadda ake yi wa kowane ɗa, in ya yi zazzaɓi ka kai shi likita, amma kada ka bar kowa ya mayar da cikinsa wurin gwajin saiwa. Babu wanda ya musanya maka ɗa. Wannan hancin nasa mai faɗi namu ne, duk Filinge an san shi.

Wadda ta fito da Mamman gwaggonku Rakiya ce, yayata da ke aure a Damana, can Tondikandiya. Ba ka yi wayo sosai ba lokacin. Ta zo da kaka ta tarar da shi a ɗakin baya inda nake ajiye fatu, an sako asabari ya rufe ƙofa. Ta tambayi tun yaushe yake zaune a nan, na fara kame-kame. Ta wanke ni tas da Hausa, da Hausar ta ƙare mata ta ci gaba da Zabarmanci. Sannan ta yi masa wanka, ta ɗauki hulata ta Juma'a ta kifa masa, ta kama hannunsa suka fita. Gida gida ta bi da shi, tun daga maƙwabta har gidan liman, har bakin rijiya inda mata ke taruwa. Duk inda ta shiga magana ɗaya take yi, innarku da ta bi su a baya tana kuka ita ta haddace mini:

"Wanga Mamman na, ɗan ƙanena Alhassan baduku. Ba shi da hauka, ba shi cizo, ba shi ɗaukar kayan kowa. Hankalinai na tahiya sannu. In za ku yi mai magana ku yi guda guda, ku jira shi. In kun gane shi kusa ga rijiya ku janye shi. Naku na kamar yadda yake namu."

Ni ina rumfa na kasa ko zura basilla. Ba zan ce maka kowa ya karɓe su hannu biyu ba. Akwai gidan da aka rufe musu ƙofa, akwai mai cikin da ta rufe ido ta gudu. Amma washegari mai ƙosai ta aiko masa da nasa, ladan ya tsaya ya ba shi hannu. A ranar ne kuma na ji abin da aka daɗe ana faɗi a bayana: wai ina ajiye da yaro mai wutsiya, wai da la'asar yana rikiɗa maciji. Ina zaton na rufe bakin mutane, ashe ni na ba su abin faɗi. Da suka gan shi da hula ta rufe masa ido yana yi musu murmushi, sai labarin ya mutu, don babu daɗin ba da labarin wutsiya a kan yaron da ka sha hannu da shi.

Abin da gwaggonku ta yi shi nake so ka yi, kuma kada ka jira sai ka gama sanin gari. Yanzu ne kuke baƙi, yanzu ne ya dace ku bi maƙwabta gaisuwa, to ku je da shi. Ka fara da mai unguwa da limamin masallacinku, ka bi ta wurin mai tebur da masu sayar da ruwa, da matan da Dije za ta riƙa daka tare da su. Maƙwabtanka da yawa Zabarmawa ne, ka nemi wanda zai koya maka yadda ake faɗin maganar da harshensu, kada ka tsaya a gaisuwarsu ta fofo kawai. Ka faɗi abin da yake iyawa da abin da ba ya iyawa, da abin da ke firgita shi. Na san ƙarar mota na sa shi kuka, ka gaya musu. Mutane da yawa ba mugunta ke hana su taimako ba, ba su san ta inda za su kama ba ne, kuma suna jin nauyin tambaya.

Yara za su tsokane shi, wannan babu makawa. Nan kuma ka yi hankali da jinin gidanmu. Wata rana na fito na tarar yaran unguwa sun kewaye Mamman suna kwaikwayon tafiyarsa. Na kama na kusa da ni, ɗan maƙeri, na zane shi da sabuwar bulalar da wani ya ba ni aikinta. Sai da manya suka shiga tsakanina da ubansa. Me na samu? Suka daina tsokanarsa a gabana suka koma jifansa a bayana, iyaye kuma suka hana 'ya'yansu zuwa ƙofarmu. Innarku ce ta gyara ɓarnar. Kullum da yamma sai ta zuba magarya ko gyaɗa a faifai ta ajiye a gaban Mamman, ta ce shi zai raba. Yaro ba ya jifan mai rabo. Suka fara zuwa don ciki, suka saba, har ya zama in baƙon yaro ya taɓa shi su ne ke tare masa faɗa. Ɗan maƙerin nan shi ne yau yake yi mini wuƙaƙen aiki, kuma bai fasa tuna mini bulalar ba.

Kuskuren da ya fi ci mini rai shi ne na kaciya. Ka san yadda muke yi: in sanyi ya shigo a tara yaran unguwa tsara ɗaya, wanzami ya yi musu, a zaunar da su rumfa guda suna ci tare suna kwana tare har su warke. Waɗanda suka zauna rumfa ɗaya sun zama 'yan'uwa ke nan. Su ne za su yi wa juna gayya a gona, su ne abokan ango, su ne za su ɗauki makarar juna. Da aka tara tsaran Mamman sai na ji tsoro kada ya yi ihu ya ba ni kunya a gaban maza. Na kira wanzami gida ya yi masa shi kaɗai a bayan ɗaki. Ihun da na guje wa, an ce ɗan sarkin fawa ya yi wanda ya fi shi, har yau kuma ba a fasa sayen namansa ba. Amma Mamman ya tashi ba shi da tsara. In an yi gayya ba a kiransa, in samari sun fita kokawa bayan girbi ba shi da wanda zai ce masa taho. Ba ƙinsa suke yi ba, ba ya cikin lissafinsu ne, kuma ni na cire shi.

Kai ne ka rufa mini asiri ba ka sani ba. Da aka yi taku, Mamman ya ƙi barin bakin rumfarku. Shi ke kawo muku tuwo, shi ke kore muku ƙuda, in ka yi kuka shi ma ya yi. Kai ka ce wa abokanka yayana ne, a bar shi. Shi ya sa har yau tsaranka ke ce masa yaya, suna biyo masa in za su gona, ko da rabin abin da ya nome sai an sake bi. Kai ka yi wannan, Idi, kana ɗan ƙanƙane, lokacin da ubanka mai gemu ya kasa. Shi ya sa abin da na gani a tasha ya ba ni mamaki. In lokacin Haruna ya yi, ka sa shi cikin yaran unguwarku. In ka ga a can kowa ta kansa yake yi, ka kawo mini shi nan.

Ka kuma ba shi aiki da zarar hannunsa ya iya riƙe abu, ko da tsince ƙyallaye ne a ƙarƙashin keke. Ni na ɓata shekaru ina fizge taɓarya daga hannun Mamman don yana jinkiri. Dakan bagaruwar jima kaɗai sai da ya ci damina guda yana koyo, yau kuwa ban san rabon da in daka da kaina ba. Shi ke kai wa mutane kayansu in na gama. Ba kullum yake daidai ba. Ya taɓa kai wa wanzami gafakar littattafan liman, ya kai wa liman zabirar askar wanzami. Liman ya ba shi ruwa ya sha, ya raka shi har gidan wanzami suka yi musaya, aka yi dariya aka watse. Tun daga nan duk wanda Mamman ya kawo wa abin da ba nasa ba ya san aikinsa ne ya nuna masa gidan. Ka bar mutane su taimake ka, ba gazawa ba ce. Kuma bayan fitowar Mamman sai ga wasu gidaje sun fito da nasu, har da wata yarinya da muke katanga ɗaya da su ban taɓa sanin tana duniya ba. A Yamai ma akwai su a bayan asabari. In Dije ta gamu da uwar irin wannan ɗa, ka bar ta ta je, su zauna su yi hira.

Dije kuwa ka riƙe ta da kyau. Kada ka bari kowa ya ce daga wajenta abin ya fito. Ni na bar dangina sun faɗa wa innarku haka shekara da shekaru ban tanka ba. Da Haruna ya zo aka ga ta wajena ya biyo, ta dube ni kawai ta ci gaba da tankaɗe. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Ba daga wajen kowa ba ne, rabo ne Allah ya aiko gidan da ya ga dama.

Na ce ba zan ba ka labari ba, amma guda ɗaya dole ne. Washegarin tafiyarku da hantsi muka nemi Mamman muka rasa. Ka san shi ke goyon Haruna kullum, tun da motarku ta tashi bai ci abin kirki ba. Na duba rumfa na ga 'yan takalman da nake yi wa Haruna, waɗanda ban gama ba kuka tafi, babu su. Na fita da gwiwoyin nan nawa ina tambaya. Matan bakin rijiya suka ce ya wuce ya gaishe su, ya bi hanyar Yamai. Masu gona a bakin hanya suka ce sun ba shi ruwa sun lallashe shi ya koma, ya ƙi, sun tura a gaya mini aka yi saɓani. Daga nan ƙafata ta ƙi, na zauna a gindin wata adduwa ina ta salati. Abin da ya zo mini a rai ba zan rubuta shi ba.

La'asar ta kusa sai ga jaki tafe, Mamman a kai, wani mutum yana biye da ƙafa. Bazabarme ne daga wajen Bonkuku, mai kawo hatsi kasuwar Lahadi, ni ban ma san sunansa ba. Ya ce ya gan shi can nesa da gari, inda babu rijiya kusa, leɓensa ya bushe. Ya kira shi da sunansa, shi ya sa ya tsaya. Mutumin ya sauke kayansa a wani ƙauye, ya ce wa Mamman ba a zuwa Yamai sai an sallami baba, da wannan ya yarda ya hau. Na yi masa godiya, na tambaye shi yadda aka yi ya gane shi.

"Baba, duk mai zuwa kassuwar Hilinge ya san Mamman," in ji shi.

Ƙafafun yayanka sun kumbura, innarku tana gasa masa su da ruwan zafi, yana samun sauƙi. Da na yi masa faɗa abin da ya ce mini ke nan: "Haruna ba takalmi. Ƙasa zahi."

Idi, ƙofa ba ta tsare yaro har abada. Wata rana Dije za ta juya baya tana kwashe tuwo, Haruna ya fita, a garin da ke da motoci da kogi. Ba zai iya faɗin sunansa ba, ba zai iya faɗin naka ba. Ranar nan abin da zai dawo maka da shi gida shi ne wani ya gan shi ya ce wannan ai Haruna ne, ɗan Idi tela. In ka ɓoye shi, babu mai faɗin haka. Ni yau in Allah ya karɓi raina ban da fargabar inda Mamman zai ci tuwo, kuma wannan kwanciyar hankalin nake so ka samu tun kana da ƙarfinka.

Na ƙarasa takalman, suna cikin ƙunshin nan. Mamman ya ce a gaya maka shi ya aiko. Ka ce wa abokina Haruna kakansa ya ce ya sa su ya shiga unguwa, in na zo na tarar da su sababbi ni da ubansa ne.

Allah ya tsare fitarku da shigarku, ya haɗa ku da maƙwabta na gari, ya buɗe bakin Haruna a lokacin da ya so, ya ba ku haƙurin jiransa. Allah ya yi maka albarka, ya sa mu gana da alheri. Wassalamu.

Mahaifinka,
Alhassan baduku, Filinge.